Bot a Rugar Baffa

Shekarar fari ta biyu, wadda aka rufe iyakar Najeriya, ita ce shekarar da na fara sa takalmi mai tsada a rayuwata. Mutane na jiƙa anza kwana uku don ɗacinta ya fita su samu abin kai wa baki, ni kuwa Allah ya dubi ƙafata.

Na bar lakol a aji shida bayan na faɗi jarrabawa sau biyu. Abin da na fito da shi bai wuce rubuta suna da lamba ba, sai ɗan Faransanci na gaisuwa da na ba da haƙuri. Wannan ya isa wata ƙungiyar Nasara da ta buɗe buro, wato ofis, a Agiye ta ɗauke ni aiki. Aikin shi ne in bi ƙauyuka da rugage ina rubuta sunan duk mai numfashi a kowane gida, domin da takardar za a raba dawar taimako. Wanda ke cikin takarda zai ci. Wanda ba ya ciki kuwa, a wurin buro ba ya jin yunwa.

Aka ba ni moto, wato babur, da hular kwano, da wasu manyan takalma baƙaƙe da suke kira bot. Fata ce mai kauri, tana hawowa har ƙasan gwiwa, da ƙarfe a cikin bakin yatsu, da maɗaurai huɗu huɗu a gefe. Da mai sito ya tambaye ni lambar ƙafata, sai na ce arba'in da biyu, don haka na ji na gabana ya ce. Ni da na girma cikin faɗe na taya, wa ya taɓa gaya mani ƙafa na da lamba?

Shef ɗinmu, wato shugaban buro, Bahaushe ne kamata, ɗan Maradi, sai dai shi ya ci jarrabawarsa, saboda haka ko ruwa zai roƙa da Faransanci yake roƙa. Ya tara mu mu huɗu, ya ce doka ɗaya ce ba ta da roƙo: duk wanda aka gani bisa moto ba bot a ƙafarsa, a ranar za a karɓe makulli. Wai a wani gari an taɓa samun ma'aikaci ya bar yatsu biyu cikin sarƙa. Sannan ya ɗauko wata takarda da ta zo cikin kwalin takalman ya fassara mana. Ta ce a fara sa su cikin gida na 'yan kwanaki, a yi ta yawo da su har fata ta saki, sannan a yi gajerun tafiye-tafiye bisa kwalta har ƙafa ta saba da giya da birki, kada a yi gaggawa. Ya naɗe takardar, ya ce gobe da safe kowa ya kama hanya. Ni aka ba ni yankin Gangara, kuma ranar Alhamis ƙarfe shida na yamma za a rufe rajista, abin da ya shiga ya shiga.

Da maraicen nan na hau moto na tafi Cadawa wurin wani baduku da na sani, in ji ko yana da dabara. Ya juya takalmin, ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa, ya shinshina.

"Wannan ba saniyar ƙasar nan ba ce," in ji shi. "Wannan ta ƙoshi kafin ta mutu."

"Ni dai ka gaya mani yadda zai yi laushi."

"Ka tsoma shi cikin ruwa ya kwana, ka sa shi a ƙafa ya bushe a kanka. Ko ka shafe shi da man shanu."

Muka dubi juna, muka yi dariya, don ruwa a lokacin sai mace ta bi layin rijiya tun safe har azahar ta samu tulu ɗaya, man shanu kuwa shanun da ke ba da shi suna kwance gefen hanya ungulu na gaisawa a kansu. Da na koma gida na ɗebo ɗan man gyaɗan da ya rage a kwalba na zauna ina murza wa takalmi. Matata ta tsaya a kaina tana kallo, goyo a baya.

"Mai gida," ta ce, "in ya ƙoshi ka miƙo mana saura."

Na ci gaba da murzawa. Takalmin ya shanye man tas, bai yi laushi ba ko kaɗan.

Hawan moto na iya shi tun da, ina ɗaukar ta wani ɗan kasuwa in kai mashi saƙo. Amma da bot sai na koma baƙo. Bakin takalmin ya yi kauri, ba ya shiga ƙarƙashin giya, sai na ɗaga ƙafar gaba ɗaya tun daga cinya kamar mai tsallake kwata. Birki kuma ba ka jin shi. Ka taka a hankali, babu abin da ya faru, ka ƙara kaɗan, tayar baya ta ƙulle. Haka na zube a gaban tashar Agiye da safiyar farko, moto ta kwanta a kan ƙafata ta dama, direbobi na zaune bisa benci.

"Kumandan ya sauka!" in ji ɗaya. "A kawo mashi kujera!"

Na tashi na karkaɗe jiki. Abin da zan faɗa don gaskiya shi ne, ƙafar da moto ta danne ko ƙwarzane ba ta yi ba. Salansa ta bar tabo a jikin fatar takalmin, tawa fatar lafiya lau. Na kai wa wani makanike ya ɗaga mani ƙarfen giya sama kaɗan, na koyi kafa diddige in danna birki da nauyin ƙafa maimakon in jira in ji shi, na koyi cewa cikin yashi ba a taɓa birkin hannu. Zuwa kwana na biyu na daina faɗuwa. Takalmin ya hana moto cin ƙafata, ya ajiye ta don kansa. Bazara ce, rana na dukan baƙar fata tun hantsi, ciki ya zama tukunya. Diddige ya tashi ruwa, ya fashe, ya sake tashi. Alwala ta zama aikin gayya: kafin in kwance maɗaurai takwas in zare safa, liman ya yi sallama. Daga baya na daina cire su da rana, ina haɗa azahar da la'asar in ce ni matafiyi ne, Allah ya yafe mani.

A garuruwan Hausawa aikin bai yi wuya ba, don an riga an aika wa masu gari labari. Can matsalar yawa ce. Mutum zai ba ka sunan kakarsa da aka binne tun zamanin Nasara, ya rantse tana ɗaki tana barci. Amma rugage ba wanda ya aika masu. Ina doso ruga sai in hango mata na sungumar yara suna shiga daji.

Ranar Alhamis ta zo, saura mani wuri ɗaya, kuma shi ne wanda na fi damuwa da shi. Rugar wani tsohon Bafillace ce a kudu da Gangara, wanda muke kira Baffa. Shanun ubana biyu a hannunsa suka zauna shekara da shekaru, ina yaro nakan bi ubana mu je duba su, matarsa ta cika mani ƙwarya da kindirmo har cikina ya yi tamtsan. Na ji labarin garkensa ya ƙare saura abin da ba a rasa ba. In sunansu bai shiga buro kafin ƙarfe shida ba, ba su da rabo, kuma ba wani zagaye na biyu.

Na isa bayan azahar. Rugar shiru. Ga tukwane bisa murhu, toka da ɗumi, ga rassan gawo da aka sassaro wa dabbobi zube a ƙasa, ga gatari an yar. Bukkoki biyar, ba mutum ko ɗaya sai Baffa zaune bisa buzu a gindin gawon, ya rame har rawaninsa ya yi mashi yawa.

Na kashe moto, na cire hular kwano, na tako ƙwas ƙwas. Na yi niyyar tsugunawa in gaishe shi yadda aka koya mani, sai bakin takalmin ya soke ni a bayan gwiwa, idon sawu ya ƙi lanƙwasa. Na yi ƙoƙari sau biyu, na kusa kifawa a kansa. Sai na tsaya a tsaye, na ɗan rusuna, inuwata ta rufe shi.

"Baffa, ina wuni? Ina gajiya?"

"Lafiya lau, mushe. Sannu da zuwa, mushe," ya ce, yana kirana da kalmar Faransancin nan da ake girmama ma'aikatan gwamnati da ita.

"Wane irin mushe kuma? Baffa, ni ne fa. Ɗan mai shanun nan biyu, ja da baƙa."

"Na gane ka," ya ce, idonsa a kan ƙafata. "Allah ya jiƙan ubanka. Tun daga wancan kalgon yake cire takalminsa."

Na haɗiye wannan, na buɗe rajista, na ce mashi sunayen mutanen gida na zo rubutawa. Mutum nawa ne?

"Ni da tsohuwa."

"Bukka biyar, ku biyu?"

"Muna sauya wurin kwana. Saboda zafi."

Na nuna mashi ƙananan sawu da suka cika yashin, wasu ko tafin hannuna ba su kai ba.

"Waɗannan fa?"

"Na awaki ne."

"Baffa, awaki masu yatsu biyar?"

"Fari ne, mushe. Kome ya canza."

Na yi mashi bayani tiryan-tiryan. Na ce dawa ce ta taimako, kyauta, kowane kai da rabonsa, ba haraji ba ne, jangali ma an daɗe da soke shi, rassan gawon nan kuma ko kallonsu ban yi ba. Na rantse da Allah, na rantse da kabarin ubana. Yana ta gyaɗa kai kamar yadda ake yi wa mahaukaci mai sanda.

"Masu irin wannan takalmin sun sha zuwa nan," ya ce daga ƙarshe. "Wani ya ƙirga shanu, ya tafi da biyu. Wani ya ƙirga rassan itace, ya tafi da babban yaron gidan nan, sai da muka sayar da bijimi ya dawo. Duk da sallama suka zo, wasu har da rantsuwa. Na tsufa ban ga wanda ya ƙirga ya kawo ba. Rubuta biyu."

Na duba rana, ta fara karkata. Na yi fushi, har na ɗora biro zan rubuta biyun in tafi, in ya so su ci taurin kansu. Ba tausayi ne ya hana ni ba, kada in yi ƙarya. Haushi ne ya hana ni, a ce mutumin da ya san ni tun ina yawo ba wando yana ce mani mushe.

Na zube a ƙasa daɓas, na miƙe ƙafafu a gabansa, wanda shi ma rashin kunya ne, na shiga kwance maɗaurai. Na kwance takwas ɗin, na ja, takalmi ya ce bai san zancen ba. Ƙafa ta kumbura ta cika shi tun safe. Na ja da hannu biyu, na dafa da ɗaya ƙafar, na yi nishi, na faɗi ta baya. Baffa na kallo, bai motsa ba. Ina cikin wannan birgima sai na ji an ɗaga asabarin bukka. Tsohuwar ce ta fito, ta faɗa wa mijinta wata magana da Fillanci wadda ban ji ba amma na san ba yabo ba ce, ta zo ta kama diddigen takalmin ta kafa ƙafarta a ƙasa.

"Inna, bari, bai kamata ba."

"Yi shiru, ɗan Kaɗo. Na ciro maruƙa daga cikin uwarsu da suka fi wannan gardama."

Ta murɗa, ta fizga. Takalmi ya fito, safa ta biyo shi, fatar diddigena ta biyo safar. Warin da ya tashi ya sa ta kau da kai. Ta cire na biyun, ta duƙa tana duba ƙafafun, jajaye, farare, duk sun saɓule.

"Subhanallahi. Wa ya yi maka wannan horon? Me ka sata?"

"Aiki ne, Inna. Kyauta aka ba ni."

Sai Baffa ya fashe da dariya, irin ta mai yunwa, wadda tari ke karɓewa. Da ya lafa ya matsa gefe ya bar mani rabin buzu.

"Zauna nan, ɗan banza. Ashe kai ma kama ka suka yi."

Ya juya wajen daji ya yi wani kira mai tsawo, irin wanda suke yi wa shanu. Sabara ta fara motsi. Mata suka fito da yara, sai maza uku, ɗaya na ta satar kallon gatarin da ya yar. Rubutun ma sai da ya ci lokaci, don Baffa ba zai faɗi sunan ɗansa na fari ba, Inna ba za ta faɗi na mijinta ba, surukai kuwa duk sun sunkuyar da kai. Sai da aka yi ta karɓa-karɓa, wannan ya faɗi na wancan, wancan ya faɗi na wannan. Mutum goma sha tara na rubuta, har da jaririyar da ba ta yi wata biyu ba, da wata tsohuwa ƙanwar Baffa da aka ɗauko a hannu.

Na rufe rajista na jawo bot. Ko yatsu ba su wuce wuyansa ba. Ƙafar da ta sha iska ta ƙara kumbura, ba za ta koma ba ko da tsiya. Muka gwada da ɗan ruwa, muka gwada da toka. La'asar ta yi, tsakanina da Agiye tafiya ce mai yashi. Baffa ya zare faɗensa na taya ya tura mani. Na ɗaure bot a bayan moto da igiyar ɗaure maraƙi, na taka moto ta tashi.

Ba zan ɓoye ba, farkon tafiyar nan daɗi ne. Iska na busa gyambon, yatsana na jin giya, birki na amsa mani kamar da. Har na fara zagin wanda ya ƙirƙiro bot da uwar da ta haife shi. Na ƙara wuta, don rana na gudu.

A wani kwari mai zurfin yashi, kafin a hau kwalta, tayar gaba ta nutse. Ƙafata da ta yi kwana huɗu tana koyon danna birki da nauyi ta danna da nauyi. Moto ta juya, ta kwanta a kan ƙafata ta dama, daidai yadda ta yi a gaban tasha. Babban yatsa ya haɗu da kututture, salansa ta manne a ƙwaurina. Na ji ƙamshin gasasshen nama, abin da na yi watanni ban ji ba, kafin in gane nawa ne.

Ban san yadda na ɗaga ta ba. Rajistar na fara dubawa, tana cikin riga, ba abin da ya same ta sai ɗan jini a gefe. Na yaga hannun rigata na ɗaure ƙwaurin, na taka moto da ƙafar hagu, na hau.

Na shiga buro saura kaɗan shida ta cika, ina jan ƙafa, faɗe ɗaya a ƙafa ɗaya ya ɓace a kwari. Shef na tattara takardu. Bai dubi fuskata ba, bai dubi rajistar ba, ƙafata ya duba. Sannan ya leƙa ta taga ya hango bot ɗaure a bayan moto, lafiyarsu lau, ko ƙura ba su yi sosai ba.

Ya yi magana mai tsawo da Faransanci. Abin da na tsinta a ciki shi ne ya faɗa tun ranar farko, kuma da ina sanye da su da yanzu ina tsaye da ƙafata. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa har yau ban yafe mashi ba. Na ce mashi da Hausa, a buga wa takardar hatimi tukuna, sannan a yi mani duk abin da za a yi. Ya karɓe ta da yatsu biyu, ya duba, ya buga, ya sa ta cikin na sauran. Sannan ya miƙo hannu, na ba shi makulli.

Wata biyu na yi kwance. Ƙunar ta ruɓe kafin ta warke, yatsan ya haɗe a karkace, shi ya sa har gobe in ina tafiya kamar ina taka rawar da ba a kaɗa mani ba. Wanda aka ɗauka a gurbina ya gaji moto da bot. Na haɗu da shi daga baya yana yabon takalmin, wai bai taɓa sa abu mai laushi irinsa ba.

Dawar ta iso ina fara takawa da sanda. Na shiga motar kasuwa na tafi Gangara ranar rabo, ba don an gayyace ni ba, so nake in gani da idona. Jar dawa ce ta ƙasar waje, an jibge buhuna a fili, wani akawu na zaune bisa tebur yana kiran gida gida. Aka jima, aka kira gidan Baffa.

"Mutum goma sha tara."

Ya taso a hankali da yaransa biyu, ya tsuguna gaban teburin.

"Sha bakwai ne, mushe."

Akawun ya ɗago kai. Ba wanda ya tambaye shi, ba wanda zai je ya duba. Duk filin nan kowa ƙari yake nema.

"Takarda ta ce sha tara."

"Lokacin da aka rubuta sha tara ne. Jaririyar ta koma, ƙanwata ma ta bi ta."

Akawun ya ja layi biyu, aka auna na sha bakwai. Na kutsa da sandata na tare shi a gefen fili.

"Baffa, kana da hankali kuwa? Na bar fatar ƙafata a hanya don sha tara! Rabon mutum biyu ka mayar masu, ga yara nan ƙashin haƙarƙarinsu a waje!"

"Rage murya, ɗan Kaɗo. Hannunka ne a takardar. In wani ya zo gobe ya ƙirga ya ga sha bakwai, kai za a ce ka yi ƙarya."

"Ai an riga an kore ni!"

Ya dubi sandar, ya dubi ƙyallen da ke ƙwaurina. Ashe bai sani ba.

"To ka gani," ya ce. "Kada a ƙara maka."

Suka ɗora buhunan a kan jaki ɗaya da ya rage masu, sauran yaran suka ɗauka a kai, suka kama hanyar kudu. Ni kuma na samu gindin itacen bedi na zauna jiran motar Agiye, ƙafa na zugi, ban ci kome ba tun safe, kuma sunana ba ya cikin takardar kowa.